Kwanson Dutse a Kan Guga

Shekarar da yajin aikin malamai ya cinye mana lakkwal, wato makaranta, Baba ya ɗauke ni daga Tawa zuwa wani ƙauye bayan Kalfu, inda yake haƙa rijiya. Siminti ya gagari talaka tun da aka karya darajar kuɗin sefa, don haka haka nan yake shiga rami, ba kankare a gefe. Ni kuwa ko kaza ta yi fiffika sai gabana ya faɗi.

Da haƙa ta yi nisa, sai ƙasa ta fara fitowa da wasu kwansuna na dutse, masu zane kamar haƙarƙari. Baba ya ga yadda nake leƙen ramin ido duk hawaye, ya ce, "Ɗiyata, bar kuka. Kowane guga za ni aza miki guda bisa. In kin gane shi, lahiya lau nike."

Wani mushe, wato malamin lakkwal, da yajin ya zaunar a gida, ya ɗauki ɗaya yana juyawa. Ya ce dā teku ne a nan, waɗannan kuma halittu ne da suka yi ta ƙara wa bayansu kauri saboda masu cin su. Ya nuna mini wata 'yar huda. "Ta nan anka shiga mata. Yanzu ko irinsu babu." Wallahi na tsani mutumin nan. Abin da ke da sulken dutse bai tsira ba, ina ga Baba da 'yar shara?

Rannan da hantsi guga ya fito cike da ƙasa, ba kwanso. Na zube shi, na tona da hannu biyu. Babu. Masu jan igiya suka ce mantuwa ce, ai ga shi yana aiki. Na ƙwala ihu, na kama igiyar na ƙi saki, har na ciji wani dattijo a hannu. Don su rabu da ni suka kira Baba. Shiru.

Da ƙanensa, ɗaya daga masu jan igiya, ya sauka ya ɗauro shi, leɓɓansa sun yi toka, iskar ramin ta ɓaci. Sai da aka yi ta yi masa fifita ya buɗe ido. Hannunsa na dama a dunƙule yake, da ƙyar na ɓanɓare yatsun. Kwansona ne a ciki.