Na'urar da Zan Bar wa Kifayen Baba

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. Na yi sallah, na dama wa Baba kununsa, na share tsakar gida, amma abin yana nan zaune a ƙirjina. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku, ko Allah zai sa a samu mai sani a cikinku. Sai dai in ban fara gaya muku halin da nake ciki ba, ba za ku gane kan mafarkin ba.

Mahaifina ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa a Legas. Da ya yi ritaya ya dawo Kaduna, sai ya dawo da son kifin teku. A falonsa akwai wani akwatin gilashi mai tsawon doguwar kujera, cike da ruwan gishiri, da kifaye bakwai a ciki, da murjani. Ni a wuyan tsofaffi kawai na san murjani. A wurin Baba na fara sanin cewa halitta ce mai rai, tana buɗewa tana rufewa, kuma in ruwa ya ɗan yi zafi ko gishiri ya yi yawa, sai ta yi fari ta mutu. Kullum da safe shi ke auna ruwan, ya ƙara wanda ya ƙafe, ya kunna fitila, ya ba kifayen abinci.

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta ɗauke. Na baro maigidana da 'ya'yana biyu a Gusau na zo jinya, aikin akwatin kuma ya dawo kaina, don Umma idonta ba ya ganin ƙananan lambobi. Yanzu ranar Asabar zan koma ɗakina. Maigidan ya yi haƙuri iya haƙuri, yara kuma suna kuka a waya.

Saboda haka na sa aka aiko mini da wata na'ura daga Legas, wadda ke kula da irin wannan akwati. Ƙaramar aba ce baƙa, mai fuska kamar ta waya, da soket huɗu a jikinta. Duk abin da aka jona mata, ita za ta riƙa kunna shi tana kashewa, in an samu matsala ta turo mini saƙo a waya ko ina Gusau. Uku na riga na zaɓa: ma'aunin zafi, ma'aunin gishiri, da ƙaramin famfo mai ƙara ruwa. Na huɗun ne ya tsaya mini a wuya. Mai sayarwa ya ce in sa mai zuba wa kifi abinci. Gaskiyarsa ce, don Baba da hannun hagu yake ba su yanzu, rabi ya zube a ƙasa, wata rana kuma ya zuba da yawa har ruwan ya gurɓace. Amma wannan ne kaɗai aikin da ya rage masa a duniya. Da wannan tunanin na kwanta.

To ga mafarkin.

Na gan ni a falon Baba, na durƙusa a gaban kwalin na'urar. Na ciro takardar bayani, sai na tarar babu rubutu a jikinta ko ɗaya, kuma a jiƙe take. Na juya ta, nan ma haka. Na ɗauki na'urar na ƙirga soket ɗin, huɗu. Na sake ƙirgawa, sai na ga sun jeru har ƙarshen bango, sun karya kwana sun shiga ɗakin Umma. Ban ji mamaki ba. Abin da na ji kawai shi ne na makara.

Sai kawai na gan ni a kasuwa. Kasuwar kamar na san ta, da rumfunanta da lungunanta, amma duk a ƙarƙashin ruwa take. Mutane suna ta harkokinsu, mayafan mata suna tashi sama a hankali, babu wanda ya jiƙe, babu mai neman numfashi. Babu hayaniya kuma. Za ka ga bakin mutum yana motsi yana ciniki, amma ba ka jin komai. A kowace rumfa kaya iri ɗaya ake sayarwa, igiyoyin wuta da ma'aunai da ƙananan famfuna, an kasa su kashi-kashi a faranti kamar tumatir.

Na tsaya a gaban wata tsohuwa da ban taɓa gani ba. Ita kaɗai na ji muryarta a duk kasuwar. Ta ce, "'Yata, me za ki bari, me za ki ɗauka?"

Na ce, "Inna, huɗu kawai nake nema."

Ta ɗauki wani siririn ma'auni ta sa mini a tafin hannu, ta rufe hannuna da nata. Hannunta da sanyi. Ta daɗe tana duban lambar da ta fito, sannan ta girgiza kai ta mayar da shi cikin farantin. Na tambaye ta me ta gani. Ta juya ta ci gaba da gyara kayanta kamar ba ni a wurin.

Daga nesa sai na ji lasifika irin ta tashar mota, murya tana ta maimaita, "Gusau, saura mutum ɗaya. Gusau, saura mutum ɗaya." Muryar ba ta gaggawa, ba ta kuma gajiya.

Sai kawai ga ni a cikin mota, a kujerar baya, muna tafiya. Akwatin Baba yana kan cinyata, ya ƙanƙance ya koma kamar kwanon sha, amma nauyinsa yana nan yadda yake. Duk ramin da muka faɗa sai ruwan ya fantsalo mini a zani. Na ce wa direba ya rage gudu. Bai juyo ba, ban ma taɓa ganin fuskarsa ba har ƙarshe. Wayata tana ta ƙara a jaka. Na ciro ta da ƙyar, na ga saƙonnin na'urar ne, ɗaya bayan ɗaya. Zafi lafiya. Gishiri lafiya. Ruwa lafiya. Komai lafiya. Ina karantawa kamar wadda ake yi wa ta'aziyya. Na yi ta ja ƙasa ina neman inda za a ce mini wani abu game da Baba, babu.

Na sunkuya in leƙa cikin kwanon. Sai kawai na tsinci kaina a cikinsa.

Ina tsaye a kan farin yashi. Murjanin nan da ba su fi tafin hannu ba a zahiri, sun zama manya kamar itatuwan kuka, suna buɗewa suna rufewa tare, a hankali, kamar masu jan carbi. Hasken shuɗi ne, irin na fitilar akwatin. Kifayen suna wucewa ta kaina, kowanne ya kai girman raƙumi, babu wanda ya kula ni. Na ƙirga su, bakwai. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali.

Na taka har bakin gilashi, na kafa goshina. Ta nan nake hango falonmu, da agogon bango, da kujerar Baba. Sai ga shi ya shigo da ƙafafunsa biyu, babu sanda, babu mai riƙe shi. Yana sanye da tsohon kakinsa na aiki, wanda ni a hoto kawai na san shi. Ya zo ya tsaya a gaban akwatin, ya sunkuyo. Fuskarsa ta cika gilashin gaba ɗaya, bakinsa a miƙe yake, ba a karkace ba.

Ya ce, "Uwani, kin auna?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Wata huɗu rabona da jin wannan murya. Na ce, "Na auna, Baba. Ga ni nan a ciki." Na buga gilashin da hannu biyu. Bai gan ni ba. Ya sake tambaya, ya ɗan jira, kamar yadda yake yi in ya kira mutum daga wani ɗaki.

Daga nan ya buɗe gwangwanin abincin kifi, ya ɗebo da yatsun hannunsa na dama, ya ɗaga hannun sama da ruwan. Kafin ya saki, sai wani abu ya yi ƙara a gefe, abinci ya fara zubowa da kansa, yana sauka a kaina kamar yayyafi. Kifayen duk suka juya suka nufi can. Baba ya tsaya da hannunsa a sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke hannun a hankali, ya zuba abincin a aljihun rigarsa, ya koma ya zauna a kujerarsa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

Ban san yadda na fito ba. Sai kawai na gan ni a falon, a jiƙe sharkaf, ina durƙushe a gaban na'urar, an riga an jona mata igiyoyi huɗu. Na ce a raina bari in cire su duka, a koma yadda ake. Na zare ta farko, fitilun gidan suka mutu. Na zare ta biyu, rediyon Umma da ke magana a ɗaki ya yi shiru. Na zare ta uku, agogon bango ya tsaya. Na kama ta huɗu, sai na ji ta da ɗumi, ba kamar sauran ba. Na bi ta da hannu in ga inda ta nufa. Ba ta shiga akwatin ba. Ta bi ta kan darduma, ta zagaya ƙafar tebur, ta hau kujera, ta shige cikin hannun rigar Baba.

Na tsaya riƙe da ita. Ban ja ba, ban kuma saki ba.

A bayana ina jin ruwan akwatin yana raguwa, duk da ban ga inda yake zuba ba. Na waiga, na ga kawunan murjanin sun fara fari, farin yana gangarowa ƙasa. A ƙofar gida kuma muryar 'ya'yana ce, su biyu, suna ta sallama, babu mai amsa musu. Na so in ce su shigo, amma na ji tsoron in na motsa igiyar za ta zare.

A lokacin ne Baba ya dube ni. Wannan karon ya gan ni sosai. Kakin ya ɓace, yana cikin farar jallabiyarsa ta jinya, bakinsa ya koma a karkace, amma maganar ta fito tsaf.

Ya ce, "Ki bar mini ɗaya."

Na ce, "Ɗaya me, Baba?"

Ya ɗaga hannun hagu ya yi nuni, amma falon da duhu, ban gane ko akwatin yake nunawa ba, ko ƙofar gida, ko ni. Na matsa kusa, na ce, "Don Allah Baba, sake faɗa mini." Ya buɗe baki zai yi magana, sai kiran sallar asuba ya shigo ta taga.

Na farka hannuna a dunƙule, har faratana sun yi mini shaida a tafi. Na tashi na leƙa ɗakinsa, na tsaya a bakin ƙofa sai da na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na je falo, kifaye bakwai suna nan, murjani da launinsu.

Ban gaya wa Umma ba, don ba na so in tayar mata da hankali. Shi kuwa Baba, da na kai masa kunu na zauna kusa da shi, na so in tambaye shi, amma ko na tambaya ba shi da bakin ba ni amsa. Ya dai riƙe mini wuyan hannu da hagunsa, ya daɗe bai saki ba.

Na san wani mafarkin tunanin rana ne kawai ke biyo mutum shimfiɗa, kuma Allah ne masanin gaibu. Amma 'yan uwa, wanda Allah ya ba sani a cikinku ya taimaka mini kafin Asabar. In uban da ba ya magana ya zo wa 'yarsa a mafarki ya ce ta bar masa ɗaya, kuma ta farka bai ƙarasa ba, me ake nufi ta bari?