Jar rigar Baba Yohanna

Baba Yohanna ya rasu.

Ina wanke kofunan shayi da safen nan saƙon ya shigo gurup ɗinmu na tsofaffin ma'aikatan kamfani. Layi biyu ne kawai: ya cika da asuba, za a binne shi gobe. Kafin in goge hannuna mutane sun jera "mutumin kirki, mutumin kirki," wasu har da hoton hawaye. Haladu ne na uku da ya rubuta.

Haladu, zan zo kanka. Bari in fara da kaina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san shi ba: Baba Yohanna Kirista ne, mutumin wani ƙauye a wajen Maraɗi, ya zo Arlit tun da ƙuruciyarsa. Shi ke ba shuke-shuke ruwa a kulob ɗin ma'aikata, inda na yi shekara goma sha huɗu ina sakatariya. Ba ma'aikacin kamfani ba ne, wani ɗan kwangila ne ya ɗauke shi. Ku riƙe wannan, shi ne tushen maganar.

Kowace Nowel, wato Kirsimeti, kamfani yana yi wa 'ya'yan ma'aikata fet, wato biki, Musulmi da Kirista ba bambanci. A ɗaura fitilu a jikin itace, a kawo gato, wato kek, da lemo, sannan Per Nowel ya fito da jar riga da gemun auduga ya raba wa yara kado, kowa da kyautarsa. Baba Yohanna aka zaɓa saboda dogo ne, ga tumbi, ga wata dariya da ake jiyowa tun daga bakin get. Shekara goma sha ɗaya yana sa rigar nan.

Ni ce mai lis. Ni ke kiran suna, shi ya miƙa.

Duk wanda ya girma a gidajen kamfani, ya karɓi mota ko 'yar tsana a wancan zamanin, hannun da ya miƙa maka shi ne wanda yau yake kwance.

Kowace Litinin nakan tarar da ɗaurin na'ana'a a kan teburina, da danshinsa. Bai taɓa cewa shi ya ajiye ba.

Ɗana Nasiru yana shekara huɗu ya ga gemun nan ya tsala ihu, ya shige cikin zanena. Baba ya durƙusa, ya cire safar hannu ya nuna masa tafinsa, ya ce a hankali, "Ni ne mai tiyo, wanda kake bi kana taka ruwa." Nasiru ya leƙo, ya karɓi motarsa.

Kuma kowace ranar Kirsimeti kwanonsa sai ya iso gidana: shinkafa da zabuwa. Kullum saƙon ɗaya ne. "A gaya ma Madam, Malam Idi maƙwabcina ya yanka, ta ci da kwanciyar hankali."

Yanzu ga abin da ni na yi.

Wata shekara, ana saura kaɗan a fara fet, ya shigo ofishina sanye da rigar, gemun a hannu. Ya ce, "Ɗiyata, wata alfarma nike nema. Rifkatu na bakin get, uwarta ta yi mata kitso. In kado ya yi saura, ki sa ta can ƙasan takarda. Ko na ƙarshe."

Rifkatu ita ce 'yarsa tilo, a lokacin shekararta bakwai.

Ban ko ɗago kai ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ta cikin lis."

Ya ce, "To." Ya manna gemunsa ya fita.

Na ga yarinyar. Ta saƙale yatsu a ragar shinge tana kallon ubanta yana ɗaga 'ya'yan mutane sama yana dariya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi ne da ya fi mini sauƙi. A ranar 'yar tsana uku suka yi saura. Biyu na mayar magaza, ɗakin ajiyar kaya. Ɗaya na sa a jakata na kai wa 'yar ƙanwata a Damagaram, wadda ta cire mata kai cikin kwana biyu.

Litinin da ta biyo na tarar da na'ana'a a kan tebur kamar kullum.

Da aka rufe ramin haƙar yuraniyam na kamfaninmu, kowa ya kama gabansa. Wasu sun koma Yamai, wasu sun samu aiki a Tchirozérine, wasu sun bi zinariya Tchibarakaten. 'Yan kwangila kuwa ko sannu da aiki ba a ce musu ba. Ranar da muka kwashe kayan kulob na ga rigar a cikin kwali, na ɗauko na jefa a akwatina. Ba tawa ba ce, kuma ban yi tunanin wanda ya fi cancanta da ita ba.

Baba ya zauna a unguwar bukkoki yana tari. Ban san me ya kawo tarin ba, ni ba likita ba ce. Na dai san tumbin ya tafi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bara ce, saura kwana uku Kirsimeti. Ya tako da ƙafa har gidana, da sanda. Sai da ya yi sallama sau biyu na gane muryar. Na ba shi kujera, ya ce tabarma ta fi masa. Ya daɗe yana maida numfashi kafin ya yi magana.

"Madam, an ce mani rigar nan na wurinki."

Na ce tana nan.

"Ki ara mani wuni guda. Yaran cocinmu ba su kai ashirin ba, ba su taɓa ganin abin nan ba. Rifkatu ta haihu, jikata ta fara wayo. Na yi masu 'yan motoci na waya, ga alawa. Ina so in ba nawa da hannuna, ko sau ɗaya."

Ko sau ɗaya. Haka ya ce, kuma ba da gori ya faɗa ba.

Na ce, "Haba Baba, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Bari in wanke ta in goge, da safen ranar zan aiko."

Ya ce, "Ki ba ni haka nan, mu wanke."

Na ce a'a, ai ba zan ba shi da warin akwati ba. Ya yi godiya ya tafi. Na wanke ta kuwa, na goge, na ninke a kan kujerar falo, gemun a sama.

Ranar Kirsimeti hutu ne, tsofaffin abokan aikinmu da suka zo gari suka haɗu a gidana. Mun yi shekaru ba mu zauna tare ba. Maigidana ya sa aka gasa rago. Tun hantsi ake shayi ana tuna baya, ni kuma ina ta cewa a raina, bari in sauke wannan tukunyar in kira mai moto, ɗan kabu-kabu, ya kai.

Sai Haladu, wanda da yake kula da magaza, ya ga rigar.

Ya sa ta. Ya cusa filo a ciki, ya manna gemu, ya fito tsakar gida yana kwaikwayon dariyar Baba. Muka yi dariya. Da ya ga ta karɓu sai ya ƙara: ya yi dariyar, ya katse ta da tari, ya dafe ƙirji, ya riƙe tsintsiya kamar sanda yana rawar jiki. Ya ce, "Per Nowel na bana kenan, ku matsa kar ya tofa muku." Wani ya ciro waya yana ɗauka.

Na yi dariya har na zauna a kan turmi. Muryata tana cikin bidiyon, ita ta fi ta kowa ƙarfi.

Wayata ta yi ƙara sau huɗu. Na ga lambar Rifkatu, na kife ta a kan tebur. Haladu ya ci naman da rigar a jikinsa, maiƙo ya zubo tun daga gemu har gaba. Na duba na ce, to yanzu kam ba ta aikuwa. Kamar an sauke mini kaya, wallahi haka na ji.

Kafin azahar bidiyon ya shiga gurup. Waɗanda yau suke rubuta "mutumin kirki" su ne suka jera hoton dariya a ƙarƙashinsa. Na koma na duba ɗazu, yana nan, ba wanda ya goge. Nawa hoton dariyar shi ne na biyar.

Mijin Rifkatu yana cikin gurup ɗin. Duk mun san da haka.

Da la'asar, baƙina ba su watse ba, sai ga kwano. Shinkafa da zabuwa. Matar da ta kawo ta ce, "Baba ya ce Malam Idi ya yanka. Ya ce kuma wataƙila rigar ba ta bushe ba ne, ba komi."

Haladu ya ci cinya ɗaya, ya ce yaji ya yi kaɗan.

Shekara guda ban taka gidan ba. Na kan ce kunya ce ta hana ni, amma kunyar da ba ta kai ka ka ba da haƙuri ba ai son kai ne. Kwanon ma ban mayar ba, har safiyar yau ina zuba albasa a ciki. Makon da ya wuce na sake wanke rigar, na cire maiƙon, na ce bana zan kai da kaina tun saura kwana biyu, in durƙusa. Na tsara har kalmomin da zan faɗa.

Saura kwana tara Kirsimeti yau.

Da na karanta saƙon na sa rigar a leda na hau moto. Ban san me nake nufi da ita ba. Ihu bayan hari.

Gidan a cike yake. 'Yan cocinsu suna waƙa a ciki a hankali, Malam Idi da maƙwabta suna zaune a waje kan tabarmi. Rifkatu tana bakin ƙofa tana karɓar gaisuwa, 'yarta a goye. Ta girma, tsawon ubanta ta ɗauko. Na ce, "Rifkatu, ya haƙuri?" Ta dubi ledar, jan yana leƙowa.

Ta ce, "Madam, kin san har ƙarfe nawa ya jira? Ya jera yara a ƙofar coci, ya ce masu babban baƙo na zuwa. Duk moton da ya wuce sai ya miƙe. Da rana ta yi zafi iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Ya raba motocin sanye da rigarshi ta kullum, ga yara huɗu da suka rage."

Na ce, "Ya ga bidiyon?"

"Sau ukku ya sa aka maimaita mashi. Ya ce Haladu bai iya dariyar ba, amma tarin ya iya."

Na ce ta bar ni in shiga in gan shi, ko daga bakin ɗaki ne, in nemi gafara. Na miƙa mata ledar.

Ba ta karɓa ba. Ba ta ɗaga murya ba kuma. Ta gyara goyonta, ta matsa ta ba wata tsohuwa hanya ta shige, sannan ta dawo ta tsaya a tsakiyar ƙofar.

Ta ce, "Ki yi haƙuri, Madam. Ba ki cikin lis."

Shekara ashirin da wani abu tana riƙe da maganar nan, kuma ko harafi ba ta canza ba.

Na juyo. Na kai bakin titi sai ta kira ni, na ɗauka ta sauko ne. Ta ce, "Ki aiko da kwanonmu, muna da baƙi."

Na aika. Rigar tana nan gabana a kan kujerar da ta kwana bara.

Kar wanda ya rubuto mini "ai ba ki sani ba" ko "ki daina zargin kanki." Na sani sarai. Kar kuma wanda ya taɓa Rifkatu a nan, abin da na shuka ta miƙo mini, bai ma kai ba. Haladu, ka goge "mutumin kirki" ɗin nan naka, ko ka bar shi kusa da bidiyon kowa ya haɗa da kansa. Masu shirin zuwa su karanta mini hukuncin yi wa wanda ba Musulmi ba addu'a, ku riƙe iliminku na yau ɗaya. Mutumin nan shekara da shekaru yana neman Musulmi ya yanka masa zabuwa don ni in ci.

Ya Allah, Kai Ka halicci Yohanna, Ka fi kowa sanin abin da hannunsa ya miƙa da abin da aka hana shi. Na bar shi a hannunKa, ya fi namu. Ka ba Rifkatu da 'yarta haƙuri, Ka sa kada su sake tsayawa a bayan shingen kowa. Ni kuma hakkinsa yana wuyana, wanda zai yafe ya tafi, Ka dube ni da rahamarKa.

Duk wanda ya taɓa karɓar kado daga hannunsa, Musulmi ko Kirista, ya yi wa iyalinsa addu'a yadda addininsa ya koya masa. Gobe da safe za a kai shi. Ku je, ku za a bar ku ku shiga.