Irin Albasa a But ɗin Motar Kakana

Kakana na wajen uwa ya sayo wata mota daga Kwatano wadda komai nata da wuta yake aiki. Gilashi da wuta, madubi da wuta, but ɗin baya ma sai an danna wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari yake buɗewa. Ranar da aka dawo da ita daga Sakkwato da sabuwar lamba, rabin Birnin Kebbi ya zo kallo, sauran rabin suna kan hanya. But ɗin yana da ramin makulli, amma makullin ya ɓace tun a bakin teku, kuma ba wanda ya damu.

Bara ruwan kogin Rima ya haura ya cinye irin albasar da Baba ya yafa a fadamarmu ta Zauro. Duk wanda Baba ya je wurinsa neman iri sai ya tarar shi ma nema yake. A ƙarshe wani abokinsa na Argungu ya aiko cewa yana da ragowa, a zo a cire da wuri. In wannan ya kuɓuce, babu albasa a gidanmu, kuma da albasa muke kaiwa damina.

Inna ce ta aro mana motar, domin Baba ba ya iya roƙon surukinsa ko da allura. In ya hango shi a titi, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Ni kuwa jika ne, hularsa nake fizgewa in gudu.

Muka tafi Argungu ni da Baba, da hantsi mun gama cire irin. Muka ɗaure shi dami-dami, muka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, muka cika but ɗin har sai da na zauna a kai ya rufu. Baba ya ce zai shiga wani gida ya yi ta'aziyya, minti goma. Minti goman Baba a gidan rasuwa yakan isa a dafa shinkafa, a ci, a wanke tukunya. Ya bar mini makulli don in ɗan sauke gilashi in sha iska.

Na sauke shi. Na ɗaga shi. Na sake saukewa. Yaran unguwar suka taru, na ce musu da ido nake sarrafa shi, suka yarda. Na kunna kaset, na kunna fitila, na yi ta juya madubi kamar kunnen jaki. Can sai muryar mai waƙar ta yi nauyi kamar an shaƙe shi, gilashin ya tsaya a tsakiya.

Baba ya fito ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyat, ta yi shiru. Ya dube ni, na dubi wata akuya.

Nan da nan mutane suka taru, kowa da iliminsa. Aka ce a tura. Majiya ƙarfi takwas muka tura ta har kusa da kasuwar kifi, ta ƙi ko tari. Sai wani mai sayar da kayan gyaran mota, mutumin kudu da ya fi ni iya Hausa, ya leƙa ya ce irin wannan giyar ba ta tashi da turi, ko Makka za mu kai ta. Ya ce a buɗe gaba ya ara mana batir. Aka buɗe. Mutum fiye da goma suka zura kai, babu batir. Ya zagaya motar sau biyu, ya dafa but ɗin, ya ce yana jin kunyar faɗa, amma batirin yana nan ciki, ƙarƙashin albasarmu.

Wato sai da batir but zai buɗe, batir kuma yana cikin but. Na ce duk wanda ya ƙera wannan mota bai taɓa noma ba. Ba wanda ya yi dariya.

Mai shagon ya ce hanya biyu ce. Ko a sa ƙarfe a ɓalle makullin, ko a yanka fatar kujerar baya, a fasa katakon da ke bayanta, in zura hannu in ja sandar makullin daga ciki. Ya ce hannuna kamar kara yake, zai shiga. Har ya aika a ɗauko wuƙa.

Baba ya ce a'a. Ya ce mota ta surukinsa ce, aro aka ba shi, ba zai mayar da ita da yanka ba.

Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ni in yanka. Ka ce ni ne. Ai ba ya yi mini komi."

Ya ce, "Kai anka ba aro, ko ni?"

Abokinsa mai irin ya iso, ya yi ta lallashinsa, ya ce iri a rufe cikin zafin nan ba zai kai gobe ba, kuma ko ƙwaya ɗaya bai rage ba. Baba ya ce ya sani. Ya sa na rubuta takarda zuwa ga kakana, wadda gaisuwa ta cinye layi tara a cikinta, maganar but layi ɗaya. Muka ba wani direban haya mai zuwa Birnin Kebbi.

Muka tura motar ƙarƙashin dogonyaro. Inuwa ta matsa, muka sake turawa. Baba ya cire rawaninsa ya jiƙa ya shimfiɗa a kan but ɗin, ni kuma ina jigilar ruwa a bokiti ina zubawa, yana ƙafewa kafin in juya. Masu wucewa suka ɗauka wanka muke wa motar. Da la'asar na kara hancina a bakin but ɗin, na ji ƙamshin miya. Ban faɗa wa Baba ba, amma na ga shi ma ya sunkuya ya shaƙa.

Ashe kakana ya tafi gonarsa ta Ambursa, takardar ba ta same shi ba sai washegari. Bayan azahar ya iso a motar haya tare da mai gyaran wutar mota, wani ɗan siririn mutum da batir a kafaɗa. Mutumin ya buɗe gaba, ya ɗaga wani jan murfi da dukanmu muka gani jiya muka ɗauka ado ne, ya jona wayoyi biyu, ya ce in danna maɓallin. But ɗin ya ɗaga baki kamar mai hamma.

Tururin da ya fito sai da ya kori kajin unguwar. Ganyen ya koma ruwan ɗorawa, ya narke, yana manne wa hannu.

Kakana ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen Baba, wanda ke durƙushe a gefe babu takalmi.

Ya ce, "Don mi ba ku fasa ta ba? Kujera ce fa."

Baba ya ce, "Allah shi gafarta Alhaji," ya ƙara sunkuyar da kai.

Duk da haka mun kai irin Zauro. Ni da Baba da ƙannena muka zauna muna tsince masu ɗan sauran rai, ɗaya bayan ɗaya. Fangali arba'in Baba ya gyara ya shayar da su ruwa suna jira. Abin da muka tsinta muka dasa bai cika uku ba. Kwana shida ina ba su ruwa safe da yamma, har magana nake musu. A na bakwai Baba ya zo ya tsuguna, ya ja ɗaya, ya fito babu saiwa. Ya ce in daina wahala, in kai bokitin gida.