Tabarmar Mutanen Ofishina

Har Baba ya koma ga Allah bai yarda ina da aiki ba. Ya san ni nake sayen man janareto, amma aiki a wurinsa abu ne da ake wanka a sa hula a fita dominsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a sakatariya har ya mallaki gidanmu na Federal Low-Cost, ga autansa a ɗakin baya da singileti, ya zuba wa kwamfuta ido tun safe.

Na sha yi masa bayani. Kamfani ne, amma na ma'aikatansa, kowannenmu mai shi ne. Ba mu da oga, in magana ta taso ƙuri'a muke yi. Muna haɗa wa asibitoci da makarantu manhaja su biya mu, abin da muka gyara kuma mu saka shi a fili, duk mai so a duniya ya ɗauka kyauta ya ƙara nasa. Ni kaɗai ne a Gombe. Wani na Legas, wata na Nairobi, wasu kuma sai muna la'asar gari ke waye musu. Ban taɓa musabaha da ko ɗayansu ba.

Sai ya gyara zaman gilashinsa ya ce, "Ba oga, ba ofis, kaya kuma a raba kyauta. To ranar da wani abu ya same ka, su wa za su zo?"

Ni kuwa da saurin hawa, sai in ce ai ba don a zo mini gaisuwa nake aiki ba. Ya yi dariya ya ce in miƙo masa rediyonsa.

Ranar da aka kira ni asibiti ina tsakiyar wani gyara da na daɗe ina fama da shi, yadda manhajar za ta riƙe bayanan marasa lafiya in sabis ya ɗauke, ta tura su in ya dawo. A buɗe na bar shi. Bayan mun dawo daga maƙabarta na rubuta wa abokan aikina layi ɗaya, cewa mahaifina ya rasu, na kashe wayar.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba. Yayana a ma'aikatar gwamnati yake, mutanen ofishinsa kuwa a bas suka zo, babbansu a gaba, suka yi addu'a suka shiga ciki gaida Inna. Yayata malamar makaranta ce, malamai suka zo mata rukuni-rukuni, Musulminsu da Kiristansu. Duk ayarin da ya sauka sai ka ji an ce, "Na wane ne." Ni ina gefe ina amsa ya haƙuri daga baƙin wasu.

Washegari Inna ta aika a kira ni. Tana zaune a ɗaki cikin mayafin takaba, carbi a hannu.

"Auta, mutanen ofishinka yaushe za su iso? Kada su zo a rasa inda za a sa su."

"Suna da nisa, Inna."

Gaskiya na faɗa, amma ita abin da ta ji shi ne suna hanya. Ta aika gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwar nas 'yar Kaltungo da muke kira Mama, aka aro sabuwar tabarma mai faɗi. Aka shimfiɗa ta a inuwar baranda, Inna ta ce kada kowa ya hau, ta baƙin Auta ce. Kullum sai an zuba abinci a kula an ajiye a gefenta, in magariba ta yi a ba masu wanke-wanke. Yayana ya wuce ya kalli tabarmar ya ce, "Ko ta cikin waya za su ɓullo ne?" Da wasa ya faɗa, amma sai da na ji kamar in shaƙe shi.

Haushin abokan aikina na ji sosai, ba zan ɓoye ba. Na san ba mai iya tasowa daga wata ƙasa don ya zauna a barandarmu, amma zuciya ba ruwanta da wannan. Mutum ɗaya nake so ya sauko daga keke ya tambayi gidan su wane, a ce nawa ne.

Da aka yi sadakar bakwai aka kwashe rumfa, gidan ya yi tsit. Da safe na kunna kwamfuta, ina ɗokin gyaran nan da na bari, don in samu inda zan tsoma kaina. Sai na tarar sun yi taro ba ni. Sun yi ƙuri'a cewa in huta iya yadda nake so, ba abin da za a taɓa a haƙƙina. Ayyukana sun raba a tsakaninsu. Gyaran kuwa abokiyar aikina ta Nairobin ta ƙarasa shi tsaf, sun saka shi a fili da sunana a kai, har wasu da ban sani ba suna godiya. Kowannensu ya rubuto ta'aziyya mai tsawo, wani har da labarin rasuwar nasa uban. Na duba ko'ina, ba su bar mini ko aiki ɗaya ba. Alheri suka yi mini iyakar iyawarsu, na sani, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na safiyar nan ba. Na kifa kai a tebur na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na je na karanta wa Inna saƙonnin, ina mayar mata da su Hausa. Ta saurara har ƙarshe.

"Mutanen kirki ne. Allah ya saka musu da alheri." Ta ɗan ja carbinta. "To naɗe tabarmar ka mayar wa Mama, ka yi mata godiya."

Na naɗe na tsallaka. Mama tana shara a tsakar gidanta, ta jingine tsintsiya ta karɓa, ta ɗan warware bakin tabarmar ta duba.

"Haba ɗana, har da wahalar wanke ta kuka yi?"

Na ce, "A'a Mama, ba wanda ya zauna a kai ne."