Tanimun, Mai Rungumar Kwalba

Kowace safiya Malam Tanimun yakan zauna a buron duwan, wato ofishin kwastan, na Birnin Ƙonni yana hararar kwalabe. Aikinsa ɗibar samfurin duk abin sha da ya ƙetaro iyaka, ya kai ɗakin gwaji a Yamai. Can akwai na'urar da ke farfasa ɗigon ruwa zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani, ta auna nauyin kowace, ta fallasa abin da ke ciki.

Bai yarda da murfi ba, bai yarda da rantsuwa ba. Direba ma bai yarda da shi ba, don kwalba takan sauya a hanya. Shi ya sa yake liƙe bakinta da kakin zuma a gaban mai kaya, ya ɗora ta a cinya har Yamai. Wani lokaci kuwa giyar inabi ce. Mutanen tasha suka gani, gari ya ɗauka: Tanimun mashayi ne. Aka daina sa hannu a akushi ɗaya da shi.

Ana gab da azumin 1994, wani ɗan kasuwa, Alhaji Chindo, ya shigo da katan-katan na jan ruwan inabi, an rubuta babu barasa. Har ƴan garin Dogarawa sun yi layin sari don buɗa-baki. Tanimun ya hana a taɓa.

"Kai da ka saba da warin giya, sha ka gaya muna mana!" in ji Chindo. Aka yi dariya.

"Alhaji, hancina ma ban yarda da shi ba," in ji Tanimun, ya ɗauki kwalba guda ya liƙe.

Na'ura ta ce giya ce, an kuma sirka ta da barasar katako mai makantar da mutum. Jandarma suka tuttular da ita a rami. Chindo ya ce shi ma yaudararsa aka yi. Allah masani.

Kai ne ka sayar da mutuncinka don idanunmu, Tanimun, zakaran da ke cara ko ana jifa. Yau ka ajiye aiki, kuma cikin waɗanda suka yi dariya babu wanda ya zo neman gafara.

Mun gode, Allah ya saka. Ku ma'aikata, ku koyi zargin kaya irin nasa. Ku kuma masu zargin mutane, yana nan Sabon Gari, akushinsa a buɗe. Ku wanke hannu ku je.