Farar Rigar Aro

Har gobe ban manta da ranar baje kolin sana'o'i ta shekarar da aka ba ni muƙamin malamar ba da shawara ba. Ga wanda bai san aikin ba, ni ke zama da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare kafin a raba su zuwa kimiyya, adabi ko kasuwanci. A wannan rana kowane yaro kan zo da shigar aikin da yake so. Wanda ya zo haka nan, sai a ɗauko farar riga daga ɗakin gwaje-gwaje a rataya masa don hoto ya yi kyau. Shi ya sa kullum likitocinmu sun fi marasa lafiyar Bauchi yawa.

Buba, wani maraya daga Miri da ke hannun baffansa, ya zo da kayan makaranta kawai. Mataimakin shugaban makaranta, Malam Sabo, ya aiko masa da riga, na mayar. Ya tuna min cewa babban darakta na tafe daga ma'aikatar ilimi. Na ce masa zanen aro ba ya rufe katara.

Ai kuwa darakta na bin layi, sai ya tsaya a kan Buba ya tambaye shi me zai zama.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," in ji Buba.

Fili ya ɗauki dariya, baffansa kuwa yana cikin iyaye. Washegari ya same ni a ofis, ya ce zai cire yaron ya sayar da bijimi ya saya masa babur na acaɓa.

"Malama, wanda bai san inda za shi ba, me zai yi da doguwar hanya?"

Na sha ganin irin wannan. Yaron da bai san abin da yake so ba, in aka ƙyale shi, aikin da ya fara kawo masa kuɗi shi yake runguma. Abin da yake samu yana saurayi, shi zai ci gaba da samu da furfura, ga iyali sun ƙaru. Acaɓa ba abin kunya ba ne, amma gara mutum ya zaɓe shi da ya faɗa cikinsa. Na roƙi baffa ya ara min Buba na dogon hutu kawai, in bai dace ba ni zan raka su sayen babur ɗin.

Na fara kai shi wani kantin magani a GRA, ya yi ta gyangyaɗi. Na kai shi wurin kafinta a Fadaman Mada, ya dawo da ɗan yatsa a ɗaure. Daga ƙarshe na haɗa shi da mijin ƙanwata, mai haƙa rijiyar burtsatse. Yaron da ya tashi yana kora shanu neman ruwa da rani ya ga ruwa na tsartuwa daga dutse. Ya dawo yana tambayata yadda aka yi suka san akwai ruwa a nan. Ita ce tambayar farko da na taɓa ji daga bakinsa. Da aka dawo daga hutu, da kansa ya zaɓi kimiyya, baffa ya bar bijiminsa a garke.

Buba ya karanci ilimin ƙasa da duwatsu. Yau yana da injin haƙa nasa da ma'aikata, yana kuma ɗauke da karatun 'ya'yan baffan. Dab da ritayata na gayyace shi baje kolin, ya zo daga wurin aiki da taɓo a takalmi.

"Wa bai san abin da zai zama ba?" ya tambayi yaran. "Ya biyo ni mota, zan nuna masa wani abu."

Can sai wata yarinya ta tuɓe farar rigarta ta miƙa wa Malam Sabo, wasu suka bi bayanta.

Ku da kuka gaji kujerata, kada "ban sani ba" ta tsorata ku. Yaron da ya faɗe ta bai ga komai ba ne tukuna, ku kai shi ya gani. Wanda ya kamata ku ji wa tsoro shi ne wanda aka rataya wa amsa.