Bishiyoyin da Ba a Sara

Ko na manta komai na shekarun koyarwata, akwai wata safiyar Laraba da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in ta faɗo mini, sai kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ina sabon malami, an turo ni daga Kano in koyar da Turanci a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙasar Roni. Ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina. Ga ƙuruciya, ga takardar digiri ko lanƙwasa ba ta yi ba, ga Turanci cike da baki. Burina ɗaya ne, yaran nan su riƙa cewa ba a taɓa kawo musu malami kamata ba.

Wata rana a aji biyar muka ci karo da kalmar "park" a littafin karatu. Na yi musu bayani cewa wuri ne a cikin gari da ake bari da bishiyoyinsa, ba noma, ba gini, ba sara, mutane su je su zauna a inuwa su sha iska. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wa ke da wurin?" Na ce na kowa ne. Ta ce, "Kuma ko gyaɗa ba a shukawa?" Aji ya kwashe da dariya. Abin ya ba ni haushi. Na ce ƙauyanci ne ke damunsu, a garinsu ma akwai irin wurin ba su sani ba, kuma ranar Laraba zan kai su su gani da idonsu.

Wani kurmi nake nufi, wanda nake wucewa kullum a kan babur, gidaje sun kusa kewaye shi. Tsamiya, kanya, marke, duk manya, sun haɗe kai sun yi duhu. A ƙasar da mata ke tafiya mai nisa neman itacen girki, makiyaya na datse rassa don dabbobinsu, ba wanda ya taɓa ko ganye a wurin. Mai hankali da ya tambayi dalili. Ni kuwa na yanke cewa mutanen garin ne ba su san darajar abin da Allah ya ba su ba.

Da aka tashi, monitan ajin ya biyo ni. Dogon yaro ne mai shiru-shiru, maraya, baffansa ke riƙonsa. Ya rusuna ya ce, "Malam, wurin nan da ka kwatanta..."

Na katse shi. "Kai ma tsoron maciji kake yi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Malam." Ya juya ya tafi. A can yaro ba ya musu da babba, balle malaminsa. Na san haka sarai, har daɗinsa nake ji. Sauran malamai kuwa ban gaya wa kowa inda za mu ba, don kada wani ya raba yabon da ni.

Ranar Laraba muka fita a jere. Damina ce, ciyawa ta rufe ko'ina. Muna isa bakin kurmin, 'yan matan suka ja suka tsaya. Na yi magana, na yi faɗa, ko motsi ba su yi ba. Na ce to su zauna nan da kunyarsu. Mazan kuma suka cire takalma suka riƙe a hannu, leɓunansu na motsi. Na ce, "Kun ga masallaci a nan ne?" Ba wanda ya yi dariya. Suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya, kowa na duba inda zai sa ƙafa, ni kuwa ina gaba ina keta ciyawa da takalmina sau-ciki. Na ga fasassun tukwane nan da can, na yi tsaki na ce dubi yadda aka mayar da wuri mai kyau juji. Har na sa ƙafa na shure guda.

A gindin wata kanya na sami ɗan tudu, na hau don kowa ya gan ni. Na buɗe baki na fara zuba. Na ce a nan za a jera bencina, a can yara su buga ƙwallo, mai shayi ya kafa tebur a wancan lungu. Ina cikin jin daɗin muryata sai na lura da monitan. Ya matso gaba, hawaye na bin fuskarsa, bai ko share ba.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri."

"Me kuma?"

"Don girman Allah ka sauko. A kan Babana kake tsaye."

Wallahi ban san lokacin da littafin da nake riƙe da shi ya faɗi daga hannuna ba. Na duba ƙasa, na duba gefe. Sai a sannan idona ya buɗe. Tudun ba ɗaya ba ne, jere suke cikin ciyawa, duk sun miƙe fuska guda, ruwan sama ya zaftare su. Tsohuwar maƙabartar garin ce, ta cika aka daina binnewa, mahaifinsa na cikin na ƙarshe da aka sa. Tukwanen da na kira shara, alamun kaburbura ne.

Na so in sauka da sauri, na rasa inda zan taka, don duk inda na duba mutum ne a kwance. Yaron da na hana magana shi ya miƙo mini hannu, ya riƙa nuna mini, "Nan, Malam. Sai nan." Haka ya fito da ni a gaban ajina kamar makaho.

Bayan la'asar na tafi gidansu. Na durƙusa a zaure gaban baffansa, na ba shi haƙuri. Dattijon yana jan carbi ya ce, "Malam, ba ka sani ba ne, Allah ya yafe mana. Amma da ka tambaya, ko mai tallan ƙosai zai gaya maka." Daga cikin gida mahaifiyar yaron ta aiko da saƙo. Ta ce ita ba ta taɓa ganin kabarin mijinta ba, tunda mata ba sa shiga, to tunda malam ya san wurin yanzu, ya riƙa sa shi a addu'a. Da zagina aka yi, da ya fi mini sauƙi.

Shekara biyu na ƙara a garin. Ba yaron da ya taɓa tada maganar, kuma monitan bai fasa rusuna mini ba kowace safiya, ni ne dai na kasa haɗa ido da shi. Abin da na koya shi ne, in na je wuri na tarar mutane sun bar wani abu ba sa taɓawa, ba jahilci ne ya hana su ba, in tambaya. In kuma na ƙasa da ni ya buɗe baki, in bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Har yau ban san sunan mahaifin yaron ba, amma ban taɓa idar da salla ban roƙa masa gafara ba.